Bibiyar Ɓarkewar Cututtuka a Ƙasashen Waje

Bibiyar ɓarkewar cututtuka a ƙasashen waje aiki ne na tattara labarin cuta mai yaɗuwa da ta ɓulla a wata ƙasa, da tantance shi, da isar da shi ga hukumomi da matafiya kafin cutar ta biyo hanya ta iso. Abin da ya sa ake bukatarsa shi ne kwanakin da cuta ke yi a ɓoye a jikin mutum. Ebola na iya kai kwana 21 ba ta bayyana ba, alhali jirgin sama na kai fasinja daga Jidda zuwa Kano a cikin 'yan sa'o'i. Mutum zai wuce jami'an lafiya a filin jirgi garau, sai bayan ya kwana biyu a gida zazzaɓi ya kwantar da shi.

Tunanin ya daɗe. Tarihin Musulunci ya kiyaye yadda Halifa Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba ta sauka can. Tsarin haɗin gwiwar ƙasashe kuwa kwalara ce ta haife shi. A 1851 aka yi taron farko na ƙasashe kan tsaftar lafiya a birnin Paris, kuma bayan kwalarar da ta hallaka dubban alhazai a Makka a 1865 aka kafa wuraren killace mahajjata a tsibirin Kamaran da ke Bahar Maliya da kuma El Tor a yankin Sina'i. A El Tor ɗin ne aka gano wani nau'in ƙwayar kwalara a 1905, wanda har yau da sunan wurin ake kiransa.

Bayan kafa Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, a 1948, aikin ya koma hannunta. Dokokin da ta yi a 1969 sun taƙaita ne ga wasu cututtuka da aka lissafa, waɗanda daga baya suka rage uku: kwalara, shawara, da annobar da ƙuman ɓera ke yaɗawa. Cutar numfashi ta SARS ce ta tona raunin wannan tsari. Ta fara a kudancin Sin a ƙarshen 2002, ba ta cikin jerin, kuma hukumomin ƙasar sun yi jinkirin bayyana ta. A watan Fabrairun 2003 wani likita mai ɗauke da ita ya sauka a wani otel a Hong Kong, baƙin da suka kamu a can suka kai ta Hanoi da Singafo da Toronto. Mutum fiye da 8,000 suka kamu, 774 suka rasu. Saboda haka aka sake rubuta Dokokin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa a 2005, suka fara aiki a watan Yunin 2007. Sun wajabta wa kowace ƙasa ta auna duk wani abin da ba a saba gani ba cikin sa'o'i 48, ta sanar da WHO cikin sa'o'i 24 idan ya kai a sanar. Sun kuma ba hukumar izinin sauraron rahoton da bai fito daga bakin gwamnati ba, ta nemi gwamnatin ta tabbatar ko ta musanta.

Wannan izini na ƙarshe shi ne ya fi sauya aikin, domin sau da yawa labarin farko daga likita ko ɗan jarida yake fitowa. A watan Satumban 2012 wani masanin ƙwayoyin cuta ɗan Masar da ke aiki a Jidda, Dakta Ali Mohamed Zaki, ya bayyana sabuwar cutar da aka raɗa wa suna MERS ta kafar ProMED, wadda masana suka kafa a 1994 don musayar irin waɗannan rahotanni. Ta nan ne kuma masana da yawa suka fara jin labarin ciwon huhun Wuhan a ƙarshen Disamban 2019. Idan rahoto ya tabbata, kuma ya yi tsanani, shugaban WHO na iya ayyana dokar ta-ɓaci ta lafiya ta duniya, kamar yadda aka yi wa shan inna da Ebola a 2014, da korona ranar 30 ga Janairun 2020.

Ga ƙasar Hausa, babu inda wannan aiki ya fi shafar talaka kamar aikin hajji. Bayan sanƙarau ya ɓarke a Makka a 1987, Saudiyya ta wajabta wa maniyyata rigakafi. A 1996, shekarar da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a arewacin Najeriya, an hana maniyyatan ƙasar zuwa. A 2000 da 2001 wani nau'in da tsohuwar allurar ba ta maganinsa, W135, ya ɓulla tsakanin alhazai, ya bi su gida har Ingila da Faransa, sannan ya haddasa babbar annoba a Burkina Faso a 2002. Tun daga nan allurar da ke kare nau'i huɗu ta zama sharaɗi. Ɗigon rigakafin shan inna da aka riƙa yi wa alhazan Najeriya, manya da yara, shi ma sakamakon bibiya ne: bayan dakatar da rigakafi a Kano a 2003, binciken ƙwayar cutar ya nuna irinta ta kai Sudan da Yaman da Indonesiya.

Ebola ta shigo Legas ranar 20 ga Yulin 2014 tare da Patrick Sawyer, matafiyi daga Laberiya, inda cutar ke yaɗuwa a lokacin. Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta ƙi sallamarsa daga asibiti duk da matsin da aka yi mata, kuma ta rasa ranta a cutar. An bi sawun mutum kusan 900 da suka yi cuɗanya da masu ita, mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka tabbatar Najeriya ta rabu da ita. Abin lura shi ne ma'aunin zafin jiki na filin jirgi ba shi ya tare cutar ba. Likitar da ta san abin da ke faruwa a Laberiya, ta kuma haɗa shi da inda majinyacinta ya fito, ita ta tare ta. Shi ya sa ake so duk wanda ya dawo daga tafiya ya ji zazzaɓi ya faɗa wa likita ƙasar da ya je tun kafin a tambaye shi.

Babbar matsalar tsarin ita ce ƙasar da ta faɗi gaskiya da wuri takan sha wuya. Masanan Afirka ta Kudu da Botswana sun bayyana nau'in korona na Omicron a watan Nuwamban 2021, cikin kwanaki ƙasashe da dama suka rufe wa yankin ƙofa, Birtaniya ta sa Najeriya ma a jerin a watan Disamba, duk da cewa nau'in ya riga ya shiga Turai. Wannan rashin adalci ne, kuma haɗari ne ga kowa, domin gwamnatin da ta ga yadda aka yi wa maƙwabciyarta za ta yi nauyin baki gobe.

A Najeriya hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka, NCDC, ce ke fitar da sanarwa kan ɓarkewar cututtuka, sashen lafiya na tashoshin jiragen sama da na ruwa da kan iyaka kuma shi ke ba da katin rigakafin shawara. Katin na fara aiki kwana 10 bayan allurar, kuma tun watan Yulin 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Masu sayen katin ba tare da allura ba suna ganin sun huta, amma a 2016 ma'aikata 11 da suka koma Sin daga Angola sun isa gida da cutar shawara a jikinsu.