Kuɗin Farfaɗo da Unguwannin Marasa Galihu: Nazari a kan Birnin Legas

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci hanyoyin da ake samo kuɗin gyaran unguwannin marasa galihu a Legas daga 1990 zuwa 2013. Abin da aka gano shi ne, inda kuɗin ya fito shi ke yanke hukuncin ko mazauna unguwa za su ci moriyar gyaran ko kuwa za a tashe su.

Bashin waje

A shekarar 2006 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 200 domin shirin raya birnin Legas da inganta shugabancinsa. An zaɓi unguwanni tara, ciki har da Agege, Ajegunle, Badia, Bariga, Iwaya da Makoko, domin yi musu tituna da magudanan ruwa da rijiyoyin burtsatse da makarantu. Sai dai ba duka kuɗin aka ware wa unguwannin ba. Kwashe shara da manyan magudanai da gyaran ma'aikatu duk sun samu nasu rabon.

Rance irin wannan yana da sauƙin ruwa da dogon wa'adi, amma da dala ake biyansa. Lokacin da aka karɓe shi dala ɗaya ba ta kai naira 130 ba; a 2024 ta haura 1,500. Magudanar ruwa kuwa ba ta kawo kuɗin shiga, balle kuɗin waje. Sannan rancen ba ya ɗaukar nauyin kula da ayyukan bayan an rufe shiri. Yashe kwata da gyaran famfo bayan rufe shirin a 2013 sun koma wuyan jiha da ƙananan hukumomi, waɗanda kasafinsu bai cika tanadar wannan ba.

Darajar fili

Hanya ta biyu ita ce a bar filin ya biya kuɗin gyaran kansa, wato a jawo 'yan kasuwa su zuba jari. A takarda dabarar tana da kyau. Amma ɗan kasuwa riba yake nema, kuma hayar talaka ba ta mayar da jari. Unguwar Maroko ita ce misali mafi muni: a Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe ta, aka kiyasta mutum kusan 300,000 sun rasa muhalli, filin kuma ya zama cikin mafi tsada a ƙasar.

Abin ya maimaitu a Badia ta Gabas a Fabrairun 2013, alhali tana cikin yankin da rancen ya shafa. Gwamnatin jiha ta rushe gidaje domin gina rukunin gidaje na zamani, sai daga baya, bisa matsin lambar bankin, aka tsara biyan diyya. Abin lura a nan shi ne, sharaɗin mai ba da rance ne ya samar da diyyar, kuma mazauna da dama sun ce ba ta kai asarar da suka yi ba.

Tattaunawa

Tushen matsalar, a ganin wannan nazari, shi ne mallakar fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon ƙwace su domin amfanin jama'a. Mafi yawan mazauna waɗannan unguwanni ba su da takardar shaidar mallaka. Don haka banki ba ya ba su lamuni, su ma ba sa zuba abin da suka tara ta adashi a ginin da katafila ka iya rushewa gobe. Harajin fili da jihar ta kafa a 2001 zai iya ɗaukar nauyin kula da ayyukan, amma da wuya a karɓe shi daga gidan da hukuma ba ta amince da zamansa ba. Saboda haka ya kamata rajistar filaye ta riga kwangilar gini, a kuma sanya kuɗin kulawa cikin yarjejeniyar rance tun kafin a sa hannu.