"Ba ta mutuwa": tarihin da ke ƙarƙashin tsohuwar Land Cruiser

Yau maganar mota za mu yi, amma ta ƙofar tarihi za mu shiga. Duk wanda ya taɓa raka wani sayen tsohuwar Land Cruiser ko Hilux mai shan gas ya san abin da dillali zai faɗa yana bubbuga bonet: wannan ai ba ta mutuwa. Maganar tana da asali, kuma asalin nata ne yake sa matasa su haɗa kuɗin adashi ko na ƙungiya su zuba a mota ba tare da sun leƙa ƙarƙashinta ba.

Kamfanin Toyota ya ƙera kakar waɗannan motoci a 1951, lokacin yaƙin Koriya, aka raɗa mata suna Land Cruiser a 1954. Hilux ta biyo baya a 1968. Amma sunan da suka yi a wannan yanki namu a hamadar Chadi suka yi shi. A watan Janairun 1987 sojojin Hissène Habré, ƙarƙashin kwamanda Hassan Djamous, suka afka wa sansanin sojojin Libiya a garin Fada. Libiya tana da tankokin yaƙi ƙirar Tarayyar Sobiyet. 'Yan Chadi kuwa a-kori-kura ce ta Toyota, wajen 400 da Faransa ta ba su, an ɗora wa wasu makamin fasa tanka. Kafin tanka ta juya bakinta, motar ta zagayo ta bayanta. A watan Maris suka ƙwace babban sansanin Wadi Doum, a Satumba aka tsagaita wuta. Har yau "Yaƙin Toyota" ake kiran wannan mataki na yaƙin. Kada dai wani ya ɗauka yabon Habré nake yi: kotu a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2016 saboda abin da ya yi wa mutanensa.

Ku lura da abin da dillali ba zai tuna muku ba. Motocin Fada ba su yi shekara ashirin a hannun wani ba kafin su shiga yashi.

Me ya sa aka yarda da su? Sauƙin ƙira. Ku ɗauki injin da ake kira 1HZ, wanda ya fito a 1990: silinda 6, lita 4.2, babu turbo, babu kwamfutar da ke sarrafa shi. Makaniken Agadas ko na Maiduguri zai iya kwance shi a gindin bishiya ya mayar. Shi ya sa ƙungiyoyin agaji da direbobin sahara suka riƙe shi.

To ta ina tsofaffin suka shigo mana? A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, kuma akwai lokacin da ma'aikacin gwamnati zai karɓi bashin mota ya fito da sabuwa fil. Da tsarin SAP ya zo a 1986 naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, kasuwar tokumbo ta buɗe. Sunan "Beljiyam" da muke kiran kayan hannu ba a banza ya zo ba: a unguwar Heyvaert ta birnin Brussels aka riƙa tara motocin, a loda su a tashar Antwerp, su sauka Kwatano, daga nan su bi hanya zuwa Najeriya da Nijar. A 2020 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma. Binciken da aka yi a Holan ya nuna akasarin waɗanda ke fita daga can ba su da takardar lafiyar hawa titi mai aiki. Wato motar da doka ta hana ta yawo a can, ita ce muke wanke wa taya a nan.

Duk wannan tarihin yana nan a jikin motar, in ka san inda za ka duba.

Fara da ƙasa, ba da fenti ba. A Turai ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuma cin ƙarfe yake. Ka kwanta da tocila da ƙaramar guduma, ka bi shasin daga gaba har baya, musamman inda sifirin ya kama. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, wanda tsatsa ta cinye sai ka ji luɓus. In ka ga sabon baƙin fenti mai kauri a ƙarƙashin motar da ta shekara ashirin, ka tambayi abin da aka rufe. Inji ana gyara shi. Shasin da ya ruɓe kuwa, a ganina, ko kyauta aka ba ka nauyi aka ɗora maka.

Sai injin, kuma nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Ka je da sassafe, ka ce kada a tayar kafin ka iso, ka taɓa shi da hannu ka tabbatar da sanyi yake. Injin gas da ya gaji da safe yake tona asirin kansa, shi ya sa wasu ke ɗumama shi kafin mai saye ya zo. Ka tsaya bayan salansa. Ɗan hayaƙi a tashin farko ba komai ba ne. Shuɗi da bai ɗauke ba, baƙin mai yake ƙonawa. Fari mai yawa bayan injin ya yi zafi, ko nozul ne ko ruwa na shiga silinda. Yana cikin aiki ka kwance murfin baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin: in iska na tunkuɗe shi da ƙarfi, hayaƙi na bulbulowa, ringi sun tafi. Murfin lagireto kuma tun injin na da sanyi za ka buɗe, kada ka kuskura da zafi. In kumfa na tasowa ba tsayawa, gasket ne ko kan injin ya tsage. Ka tambayi yaushe aka canza bel ɗin taimin. A kan 1HZ da tsofaffin injinan Hilux, bel ne na roba, in ya tsinke kana gudu zai iya tafiya da kan injin.

Lambar kilomita da ke gaban direba kuwa, ni ban cika ba ta muhimmanci ba, don mayar da ita baya sana'a ce. Ka dubi robar kuloci da ta birki, ka dubi sitiyari da kujerar direba. Mita ta ce 120,000 amma roba ta cinye har ƙarfe ya fito, ka san wanda za ka gaskata. Ka fita da ita kan ƙasa, ba kwalta ba, ka sa giyar ƙafa huɗu, babba da ƙarama. Da yawa an cire musu sandar da ke kai ƙarfi tayoyin gaba, ana sayar da su da sunan da ba su cika ba.

Akwai wani abu kuma da ya samo asali daga 1972, shekarar da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Motar Ingila da ta Japan sitiyarinta a dama yake, don haka wasu ake juya musu shi zuwa hagu a gareji. Ka dubi bangon da ke tsakanin inji da direba: walda ko ramin da aka toshe a ɓangaren dama alama ce. Aikin in ba a yi shi da kyau ba, da birki da sitiyari ake wasa.

Takardu ma haka. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma fasa-ƙwauri bai tsaya ba, takardun bogi suka ƙaru. Ka karanta lambar shasi da idonka a jikin ƙarfen, ka gwada ta da wadda ke kan takarda harafi bayan harafi, sannan ka kai takardar ofishin kwastan a tabbatar an biya kuɗin fito kafin ka ba da ko sisi. Makaniken da zai raka ka kuma ya zama naka, kai za ka biya shi, ba wanda yake jiran rabonsa a cikin la'adar dillali ba.