Ma'azu da Ahmed Musa: Yara Biyu, Ƙofa Ɗaya

A farkon shekarar 2009 ƙungiyar CSKA ta birnin Mosko ta sayi wani saurayi ɗan Yamai mai suna Musa Ma'azu, yana da shekara 20. Bayan shekara uku, a watan Janairu na 2012, wannan ƙungiya dai ta sake sayen wani saurayin, Ahmed Musa, wanda ya yi suna a Kano Pillars, shi kuma yana da 19. Duk su biyun ƴan gaba ne, duk gudu ne jarinsu, sanyin Rasha ɗaya ya tarbe su. Ɗaya ya zauna ya ɗauki kofuna, ɗaya ya kama yawon aro daga gari zuwa gari. Mu nan Tunuga da Gaya, da muke kallon Mena da ido ɗaya, Super Eagles da ɗayan, in gardamar ta tashi a gidan kallo hukuncin ba ya wuya: wai Ahmed ya fi iyawa, shi ke nan. Ni dai ban gamsu ba. Ku biyo ni mu duba hannun da kowannensu ya faɗa.

Ma'azu ya fito ne daga ASFAN, ƙungiyar sojojin Nijar. A 2008 Lokeren ta Beljiyam ta ɗauke shi, ƙungiya matsakaiciya wadda ba ta da tarin taurari, don haka yaro ya samu fili yana ta zura ƙwallo. Shekara guda kacal ya yi a can kuɗin Mosko suka zo. To, ga abin da ba a cika faɗa ba. Lokacin da ya isa, mai horar da CSKA shi ne Zico ɗan Birazil. A watan Satumba aka sallami Zico, aka kawo Juande Ramos ɗan Sifaniya. Ramos bai cika wata biyu ba shi ma aka raba gari da shi, a ƙarshen Oktoba aka naɗa Leonid Slutsky. Koci uku a shekara ɗaya, kowa da harshensa, kowa da tsarinsa, kowa kuma yana neman nasara yau-yau don ya tsira da aikinsa. Wanda wuta ke ci a gemunsa ba ya tsayawa koya wa baƙon yaro inda zai tsaya in an tare hanya. Zai sa wanda ya sani ne, yaro kuma ya ɗumama benci.

Ku kwatanta da lakwal. A ce a shekarar jarrabawa an canza muku malamin lissafi sau uku, kowane ya shigo ya ce ku manta da hanyar wancan. In sakamako ya fito da muni, wa za a zarga?

Daga nan aka shiga bayar da shi aro. Janairun 2010 Monako, inda ya ɗan farfaɗo har ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na kofin Faransa. Maimakon a bar shi nan ya yi saiwa, sai ga shi a Bordo, abin bai yi daɗi ba. Ya koma Monako, gwiwa ta samu rauni. Sai Zulte Waregem, sai Le Mans, sai Etoile du Sahel ta Tunisiya. Kafin ya cika shekara 25 ya sa rigunan da wani ba ya sa su a duk rayuwarsa.

Amma fa a cikin wannan yawo akwai wuri ɗaya da ba ya canza masa, wato Mena. Ranar 10 ga Oktoba 2010, a filin Janar Seyni Kountché, Masar ta zo Yamai da kofin Afirka uku a jere a hannunta: 2006, 2008, 2010. Ma'azu ya ci ƙwallo ɗaya tilo da ta kayar da su. A Satumbar 2011 ya sake ci a wasan da Nijar ta doke Afirka ta Kudu da 2 da 1, kuma da waɗannan nasarorin gida muka je gasar Afirka ta 2012, karo na farko a tarihinmu. Mutumin da ake cewa ya kasa a Bordo shi ne wannan. Bambancin shi ne a wajen Haruna Dula ya san matsayinsa, ya san ko ya zubar da dama biyu ba za a cire shi kafin ta uku ba, abokan wasa kuma sun san inda za su jefa masa. Ko a Turai, da ya samu irin wannan amana a Maritimo ta Fotugal a kakar 2014, ƙwallaye suka dawo.

Ahmed Musa kuwa tsani ya hau, mataki-mataki. Ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Kano Pillars, sannan a 2010 ya tafi VVV-Venlo, ƴar ƙaramar ƙungiya a Holan da ke fafutukar kada ta faɗa rukuni na ƙasa. Can yaro yana wasa kowane mako, kuskurensa ba ya zama labarin duniya. Da ya iso Mosko, Slutsky ya riga ya kafu, kuma shi ne kocinsa tun daga 2012 har ya bar ƙungiyar a 2016. Shekara huɗu da rabi, murya ɗaya. An fara da shi a gefe, inda gudunsa zai yi aiki ba tare da an ɗora masa nauyin cin ƙwallo duka ba, daga baya aka matso da shi tsakiya. Sun lashe gasar lig ta Rasha a 2013, 2014 da 2016.

Wani zai ce ai wannan baiwa ce, ko ina ya je zai yi. To ga Leicester. A 2016 suka saye shi da kuɗin da ba su taɓa kashewa kan ɗan wasa ba kafin lokacin. A Fabrairun 2017 aka kori Claudio Ranieri, a Oktoba aka kori Craig Shakespeare, Claude Puel ya zo. Koci uku kuma! Ahmed ya ɓace kamar an binne shi, har aka fara cewa ya ƙare. A Janairun 2018 ya koma CSKA aro, ya samu wasa, kuma a watan Yuni ya zura wa Aislan biyu a gasar cin kofin duniya. Ƙafar ba ta canza ba tsakanin Disamba da Yuni, gidan ne ya canza.

Wannan ciwo ba na ƙwallonmu kaɗai ba ne. A irin ƙwallon Amurka, wadda ake riƙewa da hannu, akwai mai jefawa da suke kira kwatabak, shi ke jan ragamar hari. Ƙa'idarsu ita ce ƙungiyar da ta fi kowa rauni ita ke fara zaɓen sabon yaro, don haka gwanin ke faɗawa gidan da ya fi lalacewa. Peyton Manning a shekararsa ta farko, 1998, abokan gaba sun cafke jifarsa sau 28, ƙungiyarsa ta ci wasa 3 ta sha kashi 13. Ba su zaunar da shi ba, ba su canza mai tsara masa hari ba. Shekara ta gaba suka juya lissafin, 13 da 3. Shi kuwa Alex Smith da San Faransisko ta zaɓa a 2005, masu tsara hari biyar ya gani a shekara biyar, ana ta kiransa asara, sai a 2011 ya miƙe.

Ban ce yaro ba shi da nasa alhakin ba. Barci, horo, riƙe baki gaban ƴan jarida, duk suna wuyansa. Amma mu da ke tsaye bakin fili mun fi son lissafin abin da ya zubar, ba ma lissafin sau nawa aka canza masa malami.

Abin haushin ma shi ne mun san hanyar tun a gida. A kokawa ba a ɗaukar yaro daga dandalin ƙauye a tura shi neman takobi. Yana bin babba, yana riƙe masa kaya, yana faɗuwa a wasannin bayan girbi inda faɗuwa ba abin kunya ba ce, har ƙugunsa ya yi ƙwari. Jihar Doso da ta ba ƙasa Salma Ɗan Rani da Isaka Isaka ba ta buƙatar a koya mata wannan daga waje.

Sai ga shi a gasar hutu ta unguwanni mun watsar da shi. Yaro ɗan shekara 16 ya ɓarar da fanareti, kafin magariba an raɗa masa suna, wasa na gaba yana benci, kocin ma an tsige shi an ba wani mai babbar murya. In kuma ya yi fice wasa biyu, sai a fara zuga shi ya sayar da akuyar uwarsa ya bi wani dillali zuwa Kwatano. Abin da nake roƙon masu shirya gasar bana kaɗan ne: kowace ƙungiya ta rubuta sunan kocinta tun ranar farko, ba canji sai an gama, kuma duk yaron da aka fara sakawa a ba shi wasa uku a jere a wuri ɗaya kafin a yanke masa hukunci.