Makarantar Namun Daji ta Garwa, Bayan An Tashi Daga Aji

Duk wanda ya yi aikin gandun daji a ƙasashen Afirka masu Faransanci, tun daga Senegal har Ruwanda, idan aka bi silsilar ilminsa, da wuya a ga ba ta biyo ta Garwa da ke Kamaru ba, domin a nan ne aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan namun daji a 1970, zamanin shugaba Ahmadu Ahidjo, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, shekara bakwai bayan takwararta ta Mweka a Tanzaniya. Ƙaramar makaranta ce, kowa ya san tarin kowa, galibinmu kuwa magidanta ne da suka baro iyali da aiki a gida.

Abin da malamai suka karantar a aji, na sunayen itatuwa da Latin da ƙidayar garke, yana nan cikin littattafai, mai so ya duba. Wanda ba a rubuta ba shi ne na dare, lokacin da zafin Maris da Afrilu ya kore mu daga ɗakuna, kowa ya jawo katifarsa tsakar fili, mutumin Mali ya ɗora shayi bisa gawayi, ya rantse ba mai barci sai an sha na uku, ana ta muhawara tsakanin mutanen kurmi da na sahel kan wace giwa ce ta fi haɗari, har gardama ta gangaro kan sadaki da siyasa. Da azumi, abokanmu Kiristoci na Kwango da Gabon, waɗanda da fari suke ƙorafin motsin sahur, su ne daga baya ke riga mu zama gaban akushi da magariba, mu kuwa muna yi musu ba'a da cewa sun ɗauki rabin ibada, rabin mai daɗi.

Amma babbar madarasa ita ce fita daji, gandun Binuwai ko Faro ko Buba Njidda ko Waza, inda ake kwana a tanti. Ba na manta wani dattijo mai bin sawu, wanda bai taɓa shiga aji ba, da ya ga mun duƙufa kan taswira, sai ya tsuguna ya taɓa kashin ɓauna da bayan hannu, ya ce, "Samari, da asuba ta wuce, kuma tana ɗingishi, ku bi ta bayana." Muka ce, "To, Baba," muka naɗe takardunmu.

Fa'idar zamanmu na Garwa ba ta bayyana gare ni ba sai da aiki ya kawo ni Lagdo. Da Sinawa suka gama madatsar ruwa a 1982, tafki ya cika, masunta suka kwararo saboda karfasa da giwan ruwa, manoma suka gangaro daga arewa mai nisa, makiyaya suka biyo ruwa, dorina kuma ba ta san iyakar gonar kowa ba. Sai aikinmu, wanda aka faro shi da bindiga da sintiri, ya koma zaman sulhu a ƙofar jauro da fadar lamiɗo, musamman bayan dokar daji ta 1994 ta ba jama'ar ƙauyuka haƙƙi cikin amfanin namun daji. A irin wannan majalisa kuwa, wanda ya saba sauraron mutumin da ba su haɗa harshe ko addini ba har a sha shayi na uku, ya fi mai haddar Latin samun biyan bukata.

Duk da haka ban ce mun yi nasara ba. A 2012 mahaya dawaki suka shiga Buba Njidda suka kashe giwaye ɗaruruwa. Karkandar da muka taɓa auna sawunta muna ɗalibai kuwa, an neme ta a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka tabbatar da cewa irinta ya ƙare a duniya.