Lambobin jikin taya da abin da babbar taya ke yi wa mota

A gefen kowace taya akwai lambobi, misali 265/65 R17, girman da ake yawan gani a Toyota Hilux. 265 faɗin tayar ne da milimita. 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin. R na nuna irin saƙar cikinta, 17 kuwa faɗin ƙarfen da ake ɗora ta a kai ne, da inci.

Direbobin da ke bin hanyoyin rairayi, kamar na Tanut da Agadas, kan so babbar taya. Idan aka sa 285/70 R17, tsayin tayar zai tashi daga milimita 776 zuwa 831, cikin mota ya ƙara nisa da ƙasa da kusan santimita 3.

Sai dai akwai farashi. Agogon gudu zai nuna 100 alhali motar na gudun kilomita 107. Shan mai zai ƙaru, birki zai rage kamawa, tayar na iya gogar jikin mota wajen shan kwana. Motar da ke ja da ƙafa huɗu tana buƙatar tayoyi huɗu masu girma ɗaya.