Karanta Furotin ta Hudar Nano: Yadda Fasahar Take Aiki

Furotin su ne sinadaran da ke gudanar da yawancin ayyukan jikin ɗan Adam, kuma kowannensu jeri ne na ƙananan tubala iri 20 da ake kira amino asid. Sauyin tubali ɗaya na iya jawo cuta. Misali shi ne ciwon sikila, wanda ya sa masu shirin aure a Gombe ke zuwa gwajin jini a wurare irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya. A 1956 masanin kimiyya Vernon Ingram ya gano cewa bambancin da ke tsakanin furotin na jan jinin mai sikila da na mai lafiya ƙanƙani ne ƙwarai, daga baya aka tabbatar cewa tubali ɗaya ne: valin ya maye gurbin gulutamik asid.

Yadda hudar take aiki

Hudar nano ƙofa ce mai faɗin 'yan nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, a jikin wata siririyar tantani da ke tsakiyar ruwan gishiri. Idan aka saki lantarki, ƙwayoyin gishirin suna bi ta hudar. Duk sinadarin da ya ratsa ta yakan rage gudun lantarkin gwargwadon girmansa da siffarsa, kuma daga wannan raguwa ake gane shi.

Fasahar ta riga ta yi nasara wajen karanta DNA. Da na'urar MinION ta kamfanin Oxford Nanopore aka bibiyi ƙwayar cutar Ebola a Gini a 2015, da ta zazzaɓin Lassa a Irrua ta Jihar Edo a 2018.

Rawar kwamfuta

Furotin ya fi DNA wuyar karantawa. Haruffan DNA huɗu ne kacal, na furotin kuwa 20. Sannan furotin yakan naɗe kansa, kuma lantarki ba ya jan sassansa bai ɗaya. Don haka masana, irin su Aleksei Aksimentiev na Jami'ar Illinois a Amurka, ke kwaikwayon tafiyar furotin cikin hudar a manyan kwamfutoci, ƙwayar zarra bayan ƙwayar zarra, domin fahimtar abin da ke haifar da kowace alama.

A 2021 ayarin Cees Dekker na Jami'ar Fasaha ta Delft a Holan, tare da Aksimentiev, ya ɗaura guntun furotin a zaren DNA, aka riƙa jan sa ta hudar taki-taki ana maimaita karatun, har aka bambance guntayen da tubali ɗaya kawai ya raba su.

Har yanzu fasahar tana ɗakunan bincike. Burin masu ita shi ne na'ura ƙarama mai araha, wadda asibitocin da ba su da manyan injinan gwaji za su iya amfani da ita wajen gano furotin mai lahani a ɗigon jini.