ZARE: Yadda filin jirgin Kano ya ɓace mini a taswira

1/
Ni ɗan Kazaure ne, ban taɓa shiga jirgin sama ba, amma kullum ina tuƙa shi a kwamfuta, cikin Microsoft Flight Simulator. Jiya wata 'yar matsala ta sa na koma tarihi. Ku biyo ni.

2/
Na sauke wani zanen filin jirgin Malam Aminu Kano da wani bawan Allah ya yi kyauta, na saka shi a jakar Community. A cikin wasan ya fito fes. Da na buɗe Little Navmap, manhajar da nake tsara hanya da ita, sai na ga tsohon filin yana nan yadda yake. Wurin ajiye jirgin da na zaɓa ma babu shi. Haba!

3/
Abin ya yi mini ciwo, domin wannan ba ƙaramin fili ba ne. A Nuwamban 1925, zamanin Sarki Usman, jirage 3 na sojan saman Ingila suka taso daga Masar ƙarƙashin Arthur Coningham, suka sauka a Kano. Ko filin jirgi babu a lokacin, a filin dawaki suka dira.

4/
A 1936 aka fara jigila ta sosai. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, daga 1940 ake harhaɗa jirage a Takoradi ta ƙasar Gana, su bi ta Legas, Kano, Maiduguri da Khartum har Alƙahira. Kano zango ce, kamar yadda ta kasance ga ayarin raƙuma.

5/
Shi kansa wasan ya tsufa. Ya fito a 1982, ƙasa duk zane-zane ne kawai. Na 2020 kuwa da hotunan tauraron ɗan'adam aka gina shi, da filayen jirgi kusan 37,000. Kaɗan ne daga cikinsu aka zana dalla-dalla, shi ya sa masu sha'awa ke sake zana na garuruwansu da hannu.

6/
To, ina matsalar take? Ashe laifina ne. Manhajar ba ta leƙa wasan kai tsaye. Rumbun bayananta daban, kuma ba ta san ka ƙara komai ba sai ka ce ta sake karantawa.

7/
Ga maganin: ka shiga Scenery Library, ka danna Load Scenery Library, ka jira ya gama. Sannan ka duba, kar a ce Navigraph ne aka ɗora a kan komai, a bar masa na'urorin jagora da hanyoyin sauka kawai. Ka nemi DNKN, lambar Kano ke nan.

8/
Nan take filin ya bayyana. Na tashi daga titi na 06, na karkata arewa, na bi hanyar Daura. Ga dam ɗin Kazaure, ga duwatsun Roni, na zaga Gwiwa, na ɓulla Babura dab da iyakar Nijar. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Amma gidajenmu duk kamannin wata ƙasa aka ba su.

9/
Matuƙan 1925 da taswirar takarda suka gano Kano. Yau ma taswira ba ta san komai ba sai abin da wani ya zuba mata. Wa zai zana mana kasuwar Kazaure da fadar Sarki in ba mu ba?

10/
Ni dai na fara koyo. Wanda ya iya zane a kwamfuta, ya yi magana a ƙasa mu haɗa hannu.